Muryar Kitbok a Saman Murhu

Duk wanda ya taɓa karyawa a rumfar Kong Phidalin Rynjah a kasuwar Iewduh ya san ta da abu biyu: tukunyar jadoh ɗinta, wato dafa-dukan shinkafa da nama, ba ta kai tsakar rana, kuma ba a kunna mata kiɗa. Direbobin tasi na Shillong, waɗanda ko burki ba sa takawa sai da kiɗa, tun daga bakin rumfa suke kashe wayoyinsu. In baƙo ya tambayi dalili, sai ta ce ta sha rabonta na hayaniya tun tana 'yar makaranta, har ta haɗa da na jikokinta.

Gaskiyarta kuwa. Ita ce auta a gidansu na unguwar Mawlai, kuma a ɗakin da ke manne da nata ne yayanta Kitbok da abokansa suka yi shekaru suna dukan jita da ganga kamar sun yi musu laifi. Motar Ƙarshe suka sa wa ƙungiyar tasu. Babu kamfani a bayansu, babu ubangida. A farkon shekarun casa'in suka gangara Guwahati da kayan aro, suka ɗauki waƙoƙinsu, suka buga 'yan kaset suna sayarwa a ƙofar kwaleji. Kaset ɗin ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, ana kwafa daga kwafi, har muryar Kitbok ta koma kamar ta mai magana daga cikin rijiya. Daga nan kowa ya kama gabansa. Teibor mai ganga ya shiga aikin gidan waya, Kitbok ya koma koya wa yara jita.

A al'adarmu ta nan Shillong gida na autar mata ne, da duk abin da ke cikinsa, da duk ɗan gidan da duniya ta koro. Shi ya sa ranar da Kitbok ya yi aure zai tare gidan matarsa, Phidalin ya miƙa wa uwar kaset ɗin, wani faffaɗan naɗin zare mai girman faranti wanda daga shi aka kwafi duk sauran.

"Auta, ajiye min wannan," in ji shi. "Kada ki bari ruwa ya taɓa shi."

A garin da tufafi ke yin fumfuna a cikin akwati, wuri ɗaya Phidalin ta sani da ruwa ba ya zuwa. Ta sa naɗin a gwangwanin biskit, ta ɗaure da tsumma, ta ɗora shi kan ragayar gora a saman murhu, inda mahaifiyarsu ke ajiye nama mai hayaƙi da irin masara. Ta manta da shi, ta ci gaba da dafa shinkafa a ƙarƙashinsa shekara talatin da wani abu.

A cikin shekarun nan ta binne mahaifiyarta, ta aurar da 'ya'ya, ta kuma karɓi Kitbok ya dawo gida. Matarsa ta rasu, ba a jima ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Ƙafa ta dawo, hannu ya ɗan dawo, hankalinsa garau, amma magana ta tafi. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru, yanzu ko ruwa yake so sai dai ya nuna da yatsa. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma tana kewar tsiyar da yake yi mata har ta ji ƙirjinta yana ciwo.

Wata rana a farkon damina Bah Teibor (a nan Bah ake ce wa namiji don girmamawa, mace kuma Kong) ya shigo da baƙuwa, wata matashiya daga Bengaluru mai suna Tanvi, da ɗan ƙaramin kamfaninta na buga tsofaffin waƙoƙi a kan faifan garmaho. Ta ce a motar kawunta ta fara jin Motar Ƙarshe, kuma har yau matasa na neman kaset ɗin.

"Faifai?" Phidalin ta dube ta. "Irin na zamanin kakata? Ai na zaci duniya gaba take yi."

"Ya dawo, Kong," in ji Tanvi tana dariya. "Amma sai da uwar kaset ɗin. Kwafin da ke hannun mutane duk sun gaji."

Phidalin ta taka kujera ta sauko da gwangwanin, baƙi ƙirin da kunkunniya, yana maiƙo. Teibor ya dubi gwangwani, ya dubi murhu, ya zauna a hankali.

"A saman wuta, Kong? Kifi kika ɗauke shi?"

"Cewa ya yi kada ruwa ya taɓa shi. To ya taɓa shi?"

"Ruwa bai taɓa shi ba, kin dai gasa shi. Abin nan zafi ke kashe shi, baiwar Allah."

Bakinta bai mutu ba, ta ce masa ai shi ma shekarun nan yana da ƙafar da zai zo ya ɗauka. Ta waiga ta ga Kitbok a kujerarsa, ya zuba wa gwangwanin ido, sai a lokacin abin ya zo mata sosai: duk muryar da ta rage masa a duniya tana cikin abin nan, kuma ita ce ta yi ta hura wuta a ƙarƙashinta safe da yamma. Tanvi ba ta yi mata alkawarin komai ba. Ta ce akwai wani dattijo a Chennai da ke gyara irin wannan, za ta kai masa da hannunta.

Daminar nan Phidalin ba ta ji daɗinta ba. Direbobi suka fara ƙorafin gishiri ya yi yawa, ita kuma ko amsa ba ta ba su, abin da ya fi gishirin tayar musu da hankali. Sai da ruwa ya ɗauke sannan Tanvi ta bugo waya. Zafi ya manne zaren da ke bakin naɗin, waƙa ɗaya ta tafi ba gyara. Sauran kuwa suna nan ras, don fumfuna ba ta samu shiga ba. Dattijon ya ce ɗakin aikinsa ya yi ta ƙamshin nama har yunwa ta dame shi.

Ta je ta faɗa wa Kitbok, a gaban Teibor, cewa ta kashe masa waƙa guda. Da ta ambaci sunan waƙar, sai kafaɗun Kitbok suka fara rawa. Dariya yake yi.

"Ita kaɗai ce wadda ni na rera," in ji Teibor. "Wutarki ma ta san wanda za ta ci."

Faifan ya iso wata Lahadi bayan an taso daga coci. Teibor ya ɗauko garmahon surukinsa, ya dasa shi a kan teburin cin abinci, ya saukar da allura. Aka ji ɗan ƙaras-ƙaras, jita ta shigo, sai ga muryar wani saurayi ta cika ɗakin, kusa-kusa, har ana jin inda yake jan numfashi. Phidalin ta dafa bango. Ta gode wa Allah a ranta, ta gode wa yarinyar nan da ta ɗauko ƙafa daga Bengaluru saboda mutanen da ba ta haɗa komai da su ba, ta gode wa dattijon da ba za ta taɓa gani ba.

A tsakiyar waƙa ta biyu ta ji kamar muryar ta rabu biyu. Ta zaci garmahon ne ya samu matsala. Da ta juya sai ta ga bakin Kitbok yana motsi. Yana bin waƙar, kalma bayan kalma, da wata tsohuwar murya dusasshiya, amma kalmomin cikakku ne, babu wadda ta maƙale. Haka ya yi ta bi har gefen faifan ya ƙare, allura ta koma tana zagaye ita kaɗai.

Ta durƙusa a gaban Kitbok. "Bah, faɗi sunana."

Ya buɗe baki, ya yi ta ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi. Babu abin da ya fito. Ya girgiza kai, ya nuna garmahon da yatsa.

Phidalin ta share fuska da gefen zaninta, ta miƙe. Teibor ya riga ya kai hannu zai juya faifan, ta riƙe masa hannun.

"Tsaya, Bah," in ji ta. "Nuna min yadda ake ɗora allurar nan. Ba kullum za ka zo ba."