Wandon da Tela Bai Yanke Ba

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗinki a shago ɗaya, tsakanin mai gyaran agogo da mai wanki da guga, amma a duk layin ba mai kiransa da sunan yanka. Inci Biyu ake ce masa. Dalili kuwa, in ka kai masa wando a rage maka ƙugu, ba ya yanke yadin da ya yi saura. Sai ya ninke shi ciki, ya bi da ɗinki, ya bar maka inci biyu. In ka yi ƙorafi ya ce, "Kai jikinka na yau ka sani, ni kuwa na baɗi nake yi wa ɗinki."

Mutum ne mai cin abinci kamar an aiko shi, ga son barkono. Saboda haka ranar da ya ture kwano ya ce gefen harshensa na zafi, matarsa ta san ba lafiya ba. Ɗan miki ne, ya yi wata biyu ya ƙi warkewa. A asibiti aka yanki kaɗan aka auna, likita ya ce ciwon daji ne, amma an tare shi da wuri. Gashi za a yi masa da na'ura, sau talatin, kwana biyar a kowane mako.

Kafin a fara, aka kwantar da shi, aka shimfiɗa masa wata raga ta roba mai ɗumi a fuska har zuwa wuya. Da ta huce sai ta ƙame, ta ɗauki siffarsa tsaf.

"Wannan awo ya yi," in ji shi. "Waye telanku?"

Nas ɗin da ke kula da ɗakin ta yi dariya, sannan ta gyara tsayuwa. "Baba, ka saurare ni. Wannan ragar ita ke riƙe kanka don zafin ya sauka daidai kan ciwon. In ka rame za ta yi maka yawa. In ta yi yawa, sai mun tsayar da gashin mun sake wata, kuma ciwon nan ba ya jira. Aikinka ɗaya ne: ka ci abinci."

Dariya ma abin ya ba shi. Wai shi ake roƙo ya ci abinci!

Mako biyun farko lafiya lau. A na uku miyau ya ƙafe masa, ɗan wanda ya rage ya yi kauri yana yauƙi. Shayi ya koma masa kamar ya lashi tsohon makulli. Bakin ya cika da ƙuraje, ko ruwa ya haɗiya sai hawaye ya zubo. Kunya ta kama shi, ga tsoro. Ba ya son matar da ta yi shekara ashirin da takwas tana alfahari da cinsa ta gan shi yana kokawa da cokali. Sai ya ce a riƙa kai masa abincin rana shago. Mai gyaran agogo ya yi ta samun rabo, har kumatunsa suka fara sheƙi.

Jiki kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. Wando ya fara zamewa. Nan ne Inci Biyu ya yi dabarar da tela kaɗai zai yi: ya kwaso wandunansa huɗu da riguna uku, ya ja labulen shago, ya rage su daidai sabon jikinsa. Ranar awon nauyi kuma ya zura babban almakashinsa a aljihun ciki, ya hau sikeli yana kallon sama kamar mutumin kirki.

Ragar ce ta tona shi. A gashi na goma sha tara, nas ta ɗaura masa ita, ta sa ɗan yatsa a gefen muƙamuƙinsa, yatsan ya shige.

"Baba, me ke aljihunka?"

Ya fito da almakashin. Aka sake awo, kilo huɗu sun tafi. Ta ce in ya ƙara biyu a kai, sai an dakata, kuma sai an sa masa robar abinci ta hanci.

Ya koma gida yana ta shirya yadda zai faɗa. Bai samu ya faɗa ba. Ya tarar da matarsa a bakin teburin guga, wandonsa a juye ciki waje, sabon zare fari fat yana bin ƙugun.

"Maigida, ni za ka yi wa ɗinki?" ta ce. "Ni da nake wanke kayan nan tun kana da gashin kai?"

Ya zauna a bakin gado, ya ce da muryar da ta dishe, "Maman yara, ba na iyawa. Wallahi in na ga kwano gabana faɗuwa yake."

Ba ta yi kuka ba. Hannu ta miƙa. "Ba ni almakashin."

Washegari ta bi shi asibiti, ta tsare nas da tambayoyi, ta dawo da takarda cike. Babban kwano ya bar gidan. Ta sauko da ƙananan kofunan shayi guda takwas, ta jera su a kan tebur. Ɗaya ƙwai da madara, ɗaya dankali da aka murƙushe da man shanu, ɗaya ayaba da aka dama, ɗaya romon kifi da aka tace. Ba barkono, ba tsami, ba zafi, sai ɗumi kamar na jiki. Kafin kowane kofi ya kuskure baki da ruwan gishiri, ya shafa maganin kashe zafi da aka ba shi, ya jira minti goma.

"Kofi ɗaya, allura ɗaya," ta ce, ta ɗaura masa ɗan matashin allurai a hannu. "In sun cika takwas, gobe ka tafi shago da almakashinka. In ba su cika ba, yana nan a ƙarƙashin filona."

Kofin farko ya ci masa minti arba'in. Ya yi gumi, ya yi hawaye, ya zagi ayaba da wanda ya shuka ta. Amma hannun da ya saba bin bakin riga da allura ya san cewa ɗinki ɗaya-ɗaya ake yi, ba a duba tsawon da ya rage. Haka ya yi da cokalin. Ran farko allura biyar ya soka, ya wuni a gida yana harararta. Rana ta uku suka cika takwas. Mai gyaran agogo ya leƙo da rana, ya ga ba kwano, ya koma jiki a sanyaye.

Mako na biyar shi ne mafi wuya. Fatar wuyansa ta ƙone tana saɓulewa, muƙamuƙi ya yi tauri, wani kofin sai da tsinken shan lemo. Kilo ɗaya ya ƙara tafiya, daga nan sikeli ya tsaya cak. Kullum nas ta ɗaura raga sai ta gwada yatsa, shi kuma ya riƙe numfashi. Ran gashi na talatin ta kwance ragar, ta miƙa masa.

"Ba mu tsaya ko rana ɗaya ba, Baba. Ga kayanka."

"'Yata, ki ce wa telanku ya riƙa barin inci biyu," in ji shi.

Ɗanɗano bai dawo da wuri ba. Gishiri ne ya fara sallama, bayan mako bakwai, cikin romon kifi, har ya ajiye cokali ya ƙwala wa matarsa kira kamar gobara ta tashi. Bayan wata uku aka yi hoto, likita ya ce ba a ga komai ba. Miyau dai har yau bai cika ba, shi ya sa kullum akwai gorar ruwa a gefen keken ɗinkinsa.

Wata safiya yana shirin fita, maɓallin wando ya ƙi kaiwa. Ya ja ciki, ya ƙi. Ya tuɓe, ya ɗauko reza, ya zauna a bakin gado. Matarsa ta tsaya a kansa.

"Ka san me ya hana ni kuka ran nan?" ta ce. "Da na juya wandon, na ga ba ka yanke ba."

Ya juya wandon ciki waje. "Na ɗauki almakashin, Maman yara. Na ce me zan yi da saura, ni da ba zan ga baɗi ba. Har na buɗe bakinsa a kan yadin. Hannun ne ya ƙi."

Ya sa reza a ƙarƙashin farin zaren, ya tsinke shi, ya ja. Ninkin ya buɗe, inci biyun suka fito da launinsu sabo. Ya sa wandon, maɓalli ya shige.

"Sauran ukun ma ki kawo," ya ce. "Kuma yau babban kwano nake so."