Kokawar Kawu a Cikin Kwamfuta

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon ɗaukar hoto a Gazawa, wata safiya kwamfutata ta ƙi tashi. Baƙin allo kawai, da wata ƙara ƙyas-ƙyas daga ciki.

Hotunan mutane ba su dame ni ba kamar abu guda: bidiyon kokawar kawuna, yayan mahaifiyata, ranar da ya ka da wani ƙato a Cadawa yana saurayi. Ni na lallashe shi ya ba ni kaset ɗin na juye, na ce a kwamfuta abu ba ya lalacewa. Kaset ɗin kuwa daga baya gara ta cinye.

Abokina mai gyara a Maraɗi ya aiko min da wani faifai da ya sayo a Katsina. Ya ce in tayar da kwamfutar da shi, in buga umarnin da ya turo min a waya, zai gyara rumbun ajiyar. Kafin faifan ya iso, labari ya riga ya kai wa Kawu. Ya zo ya ja kujera ya zauna dab da ni, ya dogara sandarsa a tebur.

Na buga umarnin da yatsa ɗaya, ido a kan madannai, kamar kaza na tsince gero. Na danna. Kwamfuta ta amsa da layi ɗaya na Turancin Ingilishi. Ni kuwa Faransanci na yi a lakol, makarantarmu ta boko, shi ma ba mu rabu lafiya ba.

"Mi ta ce?" in ji Kawu.

"Tana tunani ne, Kawu."

Na sake, ta sake. Na goge faifan da gefen riga, na hura masa iska, na yi bisimilla da ƙarfi. Amsa dai ita ce. Kawu ya ƙura wa allon ido ya ce, "Ɗan nan, gaya min gaskiya. Na'urar ga ba ta mutanen Cadawa ba ce?"

Na kira abokina, gumi na bin bayana. Ya ce ma'anar saƙon ita ce ba ta gane umarnin ba, in karanta masa abin da na buga. Na karanta masa daga saƙonsa, tsaf.

"To ai daidai ne," ya ce. Sannan ya tambaya, "Tsaya, a ina kake karantawa?"

"A wayata."

"Kai! Dubi allon kwamfutar!"

Na duba. Duk inda na buga A, Q ce ta fito. Inda na sa M, wata alama ce mai wutsiya. Ashe faifan tsarin madannan Ingilishi ya sani, nawa kuwa na Faransa ne, haruffan sun yi musayar gida. Abokina ya yi dariya har da tari. Ya ce in ina son A, in danna Q.

Kawu ya ji bayanin ya gyaɗa kai. "Wato sai an yi mata ƙarya take jin magana."

Umarni ya shiga. Lambobi suka yi ta gudu har bayan la'asar, Kawu bai motsa ba sai don salla. Da kwamfutar ta tashi, na buɗe bidiyon.

Ga Kawu nan da ƙirji kamar ƙofar rumbu, ya ɗaga ƙaton ya maka da ƙasa. Na juyo ina jiran kirari. Sai ya ce in mayar baya kaɗan, ba wurin kayen ba, gefen fili. Wata budurwa ce ta kama hanci tana rangaɗa guɗa, ɗankwalinta na zamewa. Mahaifiyata ce, Allah ya jiƙanta. Na sha kallon bidiyon nan, ban taɓa lura da ita ba.

Yanzu duk abin da na buga sai na ɗaga kai na duba allo, bidiyon kuma na ajiye shi wuri-wuri. In na buɗe shi, ba na ko kallon kokawar. Gefen fili nake zuwa.