Likitan Iyalin Alhaji

Shekaru na yi ina bin likitoci ina kallon yadda suke aiki, har mutane suka ɗauka ni ma likita ce. Ko allura ban iya ba. Malama ce ni, ina koyarwa a Gusau, kuma abin da na sa a gaba shi ne sanin yawan likitocin da ke duba talakawa a garuruwanmu da irin nauyin da ke kan kowannensu. Ba kowane likita nake bi ba, sai irin wanda ke duba kowa da kowa: jariri da tsoho, mai ciki, mai hawan jini, da wanda fartanya ta sara a gona. Irinsa ake ce wa likitan iyali.

Sunan nan ya ba ni wahala tun farko. A Bungudu ina yi wa wasu magidanta bayani, da na ce likitan iyali sai fuskoki suka canza, sun zaci masu tsarin iyali ne suka turo ni. A Furfuri kuwa wani dattijo ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malama, iyalina lahiya lau take, ni ka jin jiki." Shi a wurinsa likitan matan aure nake nufi. Na riƙa ba ɗalibaina labarin a aji muna dariya. Ban san akwai wanda zai yi wa kalmar fahimtar da ta fi waɗannan muni ba, kuma ba a ƙauye yake ba.

Goggona ce ta haɗa ni da likitan da zan ba da labarinsa. Ƙanwar mahaifina ce, tana aure wajen Kucheri, mace mai baki, mai ciwon suga. Kututturen dawa ya soke ta a tafin ƙafa, wurin ya ƙi warkewa ya zama gyambo. Duk ranar kasuwa ɗanta kan ɗauko ta a babur ya kai ta wani ƙaramin asibiti a ƙasar Tsafe, inda likita guda ne tak. Na bi ta wata rana, na ga layi ya fita daga baranda ya zagaye gindin dalbejiya, na ce a raina na sami wurin bincike.

Siririn mutum ne likitan, da takalmin roba da rigar da aljihunta ya yage saboda nauyin biro da waya. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, bai ko ɗago kai daga kunnen yaron da yake leƙawa ba.

"Malama, ki zauna ki kalla iya son ranki," ya ce. "Amma kada ki je ki yabe ni. Ki gaya masu a turo mani na biyu. Shi kaɗai nake so."

Na yi masa alkawari. Na shafe damina da kaka ina zuwa, ina zama a benci a bayansa, in kama hanyar Gusau kafin la'asar kamar yadda kowa ke yi a hanyar nan saboda 'yan bindiga. Shayin da ake kawo masa da safe yakan huce har ƙuda ya faɗa ciki. Azahar yakan yi ta dab da la'asar, kuma ko a masallaci ba a barinsa, yana sallamewa wani zai matso ya buɗe masa leda ya nuna masa kwalin magani. Ƙofar gidansa asibiti ce ta biyu. Ya san gidan da ake raba wa mutum uku maganin mutum ɗaya, ya san tsohon da zai ce ya sha alhali yana ƙarƙashin tabarma. Abin da takardun da na karanta ba su faɗa ba ke nan: rabin aikinsa sanin mutane ne.

Ƙafar Goggo da kansa yake wanke ta. Ya zauna a ƙaramar kujera, ya ɗora ta a cinyarsa bisa leda, ya yanke mataccen nama a hankali, suna faɗa.

"Inna, kin sha hura da sukari," ya ce.

"Wa yag gaya maka? Sharri na."

"Ƙafar ta gaya mani."

Ya shaida mini a gabanta cewa ƙafar za ta tsira muddin ana ganinta a kai a kai, amma in aka yi sake ta kwana biyu ba a duba ba, ba ya ɗaukar alkawari. Ranar ce Goggo ta tambaye ni wai ni mene ne aikina, tunda ba na ba da magani, sai zama da kallon mutane. Na ce ina neman yadda za a rage wa likita aiki ne. Ta ce Allah Ya taimaka, in dai ba zaman banza ba ne.

Da na kammala, aka shirya taro a ɗakin wani otal a Gusau don in faɗi abin da na gano a gaban masu iya yin wani abu. An ce ƙarfe goma. Muka zauna har azahar ta kawo jiki muna jiran babban baƙo, wani Alhaji da maganarsa ke buɗe ƙofofi a wurare da dama. Ba zan faɗi muƙaminsa ba. Da ya shigo mai gabatarwa ya kwashe lokacin da aka ba ni yana zuba masa kirari, sannan ya raɗa mini in taƙaita, Alhaji na da wani zaman. Kafin in buɗe baki an fara raba shinkafa da kaza. Ina maganar mutanen da ke wuni a layi ba su karya ba, ina jin ƙarar cokula da tsotsar ƙashi. Haushi ya cika ni, na haɗiye na ci gaba.

Alhaji waya yake latsawa. Sai da na ce "likitan iyali" ya ɗago kai. Na bayyana mutumin nan na ƙasar Tsafe ba tare da suna ba, don ƙa'idar aikinmu ta hana, na faɗi yadda yake wuni, na ce mutum guda ba zai iya ba, a tura masa na biyu kafin ya faɗi. Alhaji ya ɗaga hannu, ɗaki ya yi tsit.

"Malama, wanga likitan iyali, shi ka duba yara da tsohwahi da mata duk shi ɗai?"

Na ce ƙwarai.

"Hawan jini? Suga?"

Na ce duka, ranka ya daɗe. Wallahi daɗi na ji. Na ce yau magana ta shiga kunnen da ya dace.

"Ina yake?"

Na ce ba a ba mu damar faɗin suna ko asibiti ba. Ya yi dariya, waɗanda ke gefensa suka taya shi. Ya ce ai ni da bakina na ce shi kaɗai ne a wannan yanki, to ɓoyon me ya rage? Gaskiyarsa kuwa. Abin da na zo in kai kuka a kansa shi ne ya tona mutumin. Na ga na hannun damansa ya sunkuya yana latsa waya. Alhaji ya tashi ya ce ya ji, ya gamsu, za a duba. Aka yi tafi. Abokan aikina suka yi ta yi mini barka a bakin ƙofa.

Ba a yi wata ba ɗan Goggo ya kira ni. Ya ce sun je ranar kasuwa sun tarar da ɗakin likita a kulle, an ce an yi masa canjin wurin aiki zuwa Gusau, wani likitan na hanya. Na yi ta kiran wayar likitan, sai da ya sha kira sannan ya ɗauka, ya kwatanta mini inda zan same shi. Kwatancen gidan Alhaji ne.

A falon baƙi na tarar da shi, sanyin na'ura na kaɗawa, yana zaune a bakin kujera da jakar awon jini a kan gwiwa. A takarda wani ofis aka kai shi. A zahiri nan yake wuni. Hantsi ya dubi ludayi amma Hajiya matar Alhaji ba ta tashi ba, ita yake jira ya auna ta. Kafin in zauna wata mai aiki ta leƙo ta ce a zo a dubi jikan Alhaji, ƙurajen zafi sun fito masa a wuya. Ya tashi ya je ya dawo. Mutumin da na gani yana ɗinke kan manomi yana ba wata mai naƙuda haƙuri ta taga, shi ne aka ajiye yana gadin ƙurajen zafi.

Na so in zage shi, na rasa ta inda zan fara. Ya yi ƙiba kaɗan, idanunsa sun washe.

"Ban nema ba, Malama," ya ce. "Takarda aka kawo, aka ce in tattara. Amma ba zan yi maki ƙarya ba, ina barci yanzu. 'Ya'yana sun san fuskata. Matata ta daina tsayawa bakin ƙofa tana jiran labari." Sannan ya ce, "Ya ƙafar Inna?"

Na ce ban sani ba tukuna. Ya shiga lissafa mini abin da za a gaya wa duk wanda zai wanke ta, yana nuna mini da yatsa a tafin hannunsa inda za a kula. Muna cikin haka Alhaji ya fito da baƙinsa. Da ya gan ni fuskarsa ta cika da fara'a.

"Ga malamar da tas samo muna likitan iyali," ya ce masu. "Da can sai mu kwashi iyali mu kai wanga asibiti, mu kai wancan. Yanzu ga shi cikin gida. Ku ka cewa bincike bai da amfani."

Baƙi suka jinjina. Na tsaya ina murmushin dole. Na ce, ranka ya daɗe, can fa babu kowa. Ya ce ai ya yi magana, wani na hanya. Ya sa aka kawo mini turmin atamfa. Na bar shi a kan kujerar na fita, direbansa ya biyo ni da shi har bakin titi yana cewa na yi mantuwa.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan ƙona mini rai. A wurin aiki aka riƙa misali da ni, wai ga binciken da ya yi tasiri, babban mutum ya saurara har ya ɗauki mataki. Wani ya ba ni shawara in sa shi cikin takardun neman ƙarin girma. Labari ya bazu cikin likitoci kuma. Wani da na taɓa zama a asibitinsa a ƙasar Bungudu, wanda a da sai na yi ta roƙo kafin ya ba ni benci, ya kira ni yana gaisuwa har da tambayar yara. Daga ƙarshe ya ce, "Hajiya, yaushe za ki zo ki bincike mu? Mu ma muna da aiki sosai." Ban ga laifinsa ba, shi ma a gajiye yake. Amma da na ajiye wayar sai da na wanke fuskata.

Wanda ke hanya bai iso ba. Na koma ofishin da ke rarraba ma'aikata har masu gadi suka san motata, kullum a ce mai sa hannu ya fita. Na aika wa Goggo ta zo Gusau ta zauna wurina, ta ce wa zai kula da awakinta, kuma ita ba ta son likitan da bai san ta ba. Ɗanta ya riƙa kai ta wani kemis ana wankewa ana naɗewa. Mai kemis ya yi iya abin da ya sani. Sai ga wasu makonni da hanya ta ɓaci da hare-hare, ba mai fita sai dole. Ranar da suka iso gidana, tun daga zaure na ji warin. Goggo ta shigo, ta ja zane ta rufe ƙafar don kada yarana su gani.

An yanke ta ƙasa da gwiwa.

Na sanar da likitan. Ya zo asibiti da yamma da ledar lemo a hannu, ya tsaya a ƙarshen gado ya kasa matsowa. Goggo ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ga sabon yadi da takalmin fata.

"Likita, ka yi kyau," ta ce. "Gusau ta karɓe ka."

Ya ce, "Inna, sannu."

Ta juyo gare ni. Ba faɗa a fuskarta, da ma faɗan ta yi.

"Ɗiyata, ba ke kinka ce aikinki a rage mai aiki ba?" Ta yaye zanen, ta nuna mana dungulmin da aka naɗe da bandeji. "To ga shi an rage. Wagga dai ba ya ƙara wanke ta."

Wayar likitan ta yi ƙara a aljihu, ya bar ta ta katse, ta sake yi. Ya fita baranda ya ɗauka, ina jin yana cewa to, to, ga shi nan zuwa. Ya dawo ya ajiye lemon a gefen gado ya ce jikan Alhaji ne ke mura.

Goggo ta bi shi da ido har ya fita, sannan ta tura mini ledar ta ce in kai wa yara, ai shi ya hana ta shan zaƙi.