Shekarar da Na Nemi Karatun Kiɗa

Da na gama sakandare a Inugu, na ce wa Baba kiɗa nake so in karanta. Yana zaune a ƙofar gida yana wasa wuƙaƙensa, don mahauci ne, a kasuwar Ogbete teburinsa yake. Ya ɗago ya dube ni.

"Kiɗan ma sai an je jami'a?"

"Ana zuwa, Baba."

"To idan an gama, me ake zama?"

Na ce malama, don ita ce amsar da na san zai karɓa. Ni kaina ban sani ba. Abin da na sani, tun ina aji biyu malamar kiɗanmu, wata 'yar Ibo mai saurin fushi da muke kira Madam, ta zaunar da ni gaban fiyano, kuma duk ranar da ban taɓa shi ba sai in wuni wani iri. Baba ya ce in gwada, amma kada in dame shi da takardu.

Madam ta ce kada in dogara da wuri ɗaya, sai na cike uku: wata jami'a a Fatakwal, difloma a nan kusa da gida, da kwalejin horon malamai a hanyar Anacha. Daga nan kaina ya kulle. Ɗaya rubutacciyar jarrabawa take so. Ɗaya kuma in zo in kaɗa fiyano a gabansu, in ƙara da waƙar gargajiya. Ta ukun bidiyo za a kai mata. Hoton fasfo ma wani jan bango yake so, wani fari. Na rubuta ranakun a kalandar ɗakinmu, na sa a waya, na kuma rubuta a bayan wani tsohon littafi. Makarantun suka yi ta ɗage rana, ni kuma in gyara a wuri ɗaya in manta sauran. Kafin wata ya ƙare, ban san wanne zan yarda da shi ba.

Yayata tela ce. Ta gaji da ganina ina zazzage takardu a kan gadonta, ta ɗinka mini jaka uku da ragowar atamfa.

"Koriya Fatakwal, ja Anacha, shuɗiya gida. Ko makaho ba zai ɓata ba."

"Na gode, Yaya."

Na zuba komai, na ji sanyi a raina. Kwana biyu ban ruɗe ba.

Sai maganar takardar shaidar asali ta taso. Na je sakatariyar ƙaramar hukumar da ke kusa da mu, matar da ke wurin ta ji ina yaren Ibo kamar ita, ta yi dariya, ta ce duk da haka ni ba 'yar nan ba ce, in je garinmu. Garin namu a Kano yake, sau biyu na taɓa zuwa. Kawuna ya karɓo mini ita a can, ya ba wani direban motar albasa, direban ya sauke ta a kasuwar Ose Okwodu ta Anacha wajen wani abokin Baba. Da ta iso hannuna tana warin albasa, sai na ga an rubuta sunan kakana a inda sauran takarduna suke da sunan Baba. Na yi sati ina yawon kotu kafin a ba ni shaidar cewa ni ce ni.

Ranar tafiya Fatakwal na ɗauki koriyar jaka, na sauka gidan Gwaggo, ƙanwar Baba, da ke sayar da wake da gero a Mile 3. Duk hanya karatun rubutacciyar jarrabawa nake yi. Da safe okada ya ajiye ni a ƙofar sashen kiɗa, na tarar da mutane a layi, wannan da sarewa, wancan da ganga, wata tana gyaran murya. Ni biro biyu ne a hannuna.

Na buɗe jakar. Takardun Fatakwal ne, amma ƙa'idojin da na yi ta bi na kwalejin Anacha ne. Ni na haɗa su da hannuna.

Da aka kira ni ciki, malamai uku ne a ɗakin. Fiyanon bai ba ni wahala ba, yatsuna sun tuna abin da Madam ta koya mini. Sai babban cikinsu, wani dattijo mai furfura, ya duba takardata ya ce tunda ni Bahaushiya ce, kuma 'yar mahauci, ga kalangu can a rataye, in nuna musu. Ban taɓa riƙe kalangu ba. A gidan biki kawai nake jin sa. Na faɗa masa gaskiya, ya yi mamaki kamar na ce ban san tuwo ba.

"To yi mana waƙa."

Babu abin da ya zo mini sai wata waƙa da Umma take yi idan tana tankaɗe. Rabinta na sani. Da na kai inda na manta, na ci gaba da ƙirƙiro baiti, ina sa sunayen kayan miya, don na tabbata babu mai jin Hausa a cikinsu. Dattijon ya yi ta gyaɗa kai yana rubutu.

Da na koma na ba Gwaggo labari, ta yi dariya har ta zauna a kan buhun wake.

"Wato kuka da daddawa kika rera wa farfesoshi?"

"Har da kuɓewa, Gwaggo."

Difloma ta kusa da gida ta wuce ni, don ranar da na je da bidiyona aka ce tun makon jiya aka rufe. Kwalejin Anacha na rubuta jarrabawarsu da kyau, amma har yau ban ji daga gare su ba. Fatakwal ce ta ɗauke ni. A makon farko dattijon nan ya tare ni a baranda, ya ce in rubuto masa waƙar nan kalma bayan kalma tare da fassara, yana so ya koya wa 'yan aji ɗaya. Na ce to, na fita na kira Umma, na roƙe ta ta rera mini ita tun daga farko, a hankali.