Garin ganyen da ya ci mini hanta

Kun daɗe ba ku ji ni ba. Ban mutu ba, amma saura kaɗan.

Waɗanda suka san ni a filin kokowa na Tabla sun san tumbi ya fara kayar da ni, kamu kaɗan sai haki. Ina shirin kokowar bikin 'yancin kai, sai wani mai lasifika a kasuwar Filinge ya sayar mini da gari a kwalba. Wai ganyen itatuwa ne zalla, yana narkar da kitse, yana ƙara numfashi.

Shekarar fari ce, hatsi ya ƙone a gona, fura ma tsinkakka muke sha. A kan wannan cikin nake zuba garin safe da yamma.

Na rame, ana ta yabo. Sai fitsari ya koma kamar shayi, ido ya yi rawaya, abinci ya ƙi zama.

Kawuna ya gwale idona ya ce, "Shawara ce. Kada a kai shi likita, allura ba ta shiri da shawara." Anka ƙara mini jiƙe-jiƙe. Ganye kan ganye!

Inna ce ta tsaya. Ta ce, "Yaya, ɗana yana mutuwa ina kallo. Likita za mu." Ta sayar da akuyarta, anka ɗora ni a mota.

Anka ɗebi jini, anka tura mu babban asibiti a Yamai. Ƙarin ruwa, hoton ciki, magani kan magani. Wallahi na ji tsoro, har kuka na yi. Wata likita ta girgiza kwalbar da muka zo da ita ta ce, "Mi ke ciki? Ba suna, ba awo. Hantarka ta kumbura. Ganye ma yana kisa."

Alhamdu lillahi, hanta ta lafa. Kokowar kuwa ta wuce ni ina kwance.

Abin da ya sa na yi magana yau: na shiga kasuwa ina dogara sanda, mutumen nan ya hange ni. Ya nuna ni, ya kwarara ta lasifika: "Ku dubi ɗan kokowar Tabla! Ina tumbin?" La ilaha! Da ramar jinyata yake talla, samari kuma suna miƙa hannu. Na ɗaga murya, lasifikarsa ta danne ni.

To ga muryata nan. In ba ku san abin da ke cikin kwalba ba, kada ku sha. Ido ya yi rawaya, ku tafi likita, ku riƙe kwalbar a hannu.

Na gode wa Allah, da likitar nan, da ke Inna.

Samarin ƙasarmu ta Kurfai, ku kalle ni da kyau. Tumbin nan gadon asibiti ne ya narkar da shi.