Kunun Lami a Maigatari

Lami da mijinta Tanko direba su kaɗai ne Kiristoci a layinsu na Gyaɗi-Gyaɗi. Daga wani ƙauye na ƙasar Ƙaraye suka zo. Kunun tsamiya take sayarwa a bakin titin Zariya, kuma har Tarauni an san ba ta haɗiye magana.

Shekarar fari, 1974, Tanko ya dawo daga Maigatari ya kasa cin tuwo. Ya ce ga Buzaye can zube a bakin iyaka, dabbobinsu sun ƙare, yara ko kuka sun daina. Ran Lahadi Lami ta miƙe a taron zumuntar matan coci ta faɗa. Aka durƙusa aka yi addu'a, kowacce ta ɗauki jakarta.

"Shi ke nan?" in ji Lami. "Amin za su ci?"

Ta bi gida gida har ta tara gero buhu huɗu. Maƙwabciyarta Hajiya Safara'u ta ƙara ɗaya. Coci ta haɗa ta da wani dattijo, Isyaku, Tanko ya kai su Maigatari.

Da hantsi ta gama dama kunu, mata suka kewaye ta da ƙore. Sai Isyaku ya ɗaga hannu.

"Dakata, Lami. Wa'azi tukuna. Wanda ya zauna ya ji, shi zai sha."

Rabinsu ma ba sa jin Hausa. A gaba akwai wata mata rungume da 'yarta, wuyan yarinyar ya langaɓe. Isyaku ya buɗe littafi ya gyara murya. Lami ta dube shi ta ce:

"Baba, yarinyar nan ba za ta kai ƙarshen wa'azinka ba."

"Ke za ki koya min aikin Ubangiji?"

"Ubangijin da nake roƙo ba ya ciniki da mai yunwa. Matsa!"

Ta ture shi da kafaɗa ta tsoma ludayi. Yarinyar ta haɗiyi kurɓi biyu, kafin azahar ta cika. Lami ta durƙusa kan rairayi ta yi addu'a da ƙarfi, irin wadda ta fi kama da faɗa, tana tambayar Allah ina ya kai ruwan sama. Uwar ba ta gane ko kalma ba, amma ta riƙe mata hannu.

Da suka dawo, coci ta dakatar da ita daga zumunta saboda rashin ladabi. A layi kuma aka ce ta je sayen addinin yara da kunu. Ta tsaya tsakiyar layin, hannu a ƙugu.

"Wanda ya faɗa ya fito, gobe akwai mota! Ya je ya gani!"

Ba wanda ya fito sai Hajiya Safara'u, ɗauke da ƙullin tsamiya. Sau bakwai suka koma kafin damina ta sauka. Isyaku kuwa, har ya mutu Lami tana gaishe shi, amma ba ta ƙara rusuna masa ba.