Babban Rumbun da Malam Uwaisu Ya Sa Mana a Sharaɗa

Mai aro Ya karɓi abinsa, kuma dukkanmu gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 12 ga watan Fabrairu, Allah Ya yi wa Malam Uwaisu Shu'aibu, mai haɗa kyamarar tsaro, rasuwa a gidansa da ke Ɗorayi bayan gajeruwar jinya. An sallace shi bayan la'asar. Masu gadi daga Sharaɗa da Chalawa da Bompai sun kusa fin 'yan unguwa yawa a sahu.

Ni ne Ya'u Lawan, maigadin wani kamfanin roba a Sharaɗa. Karatuna a firamare ya tsaya, amma alherin da aka yi mini ya fi ƙarfin in yi shiru.

Malam, tun ina lebura mai lodin bokitai nake kallon aikinku. In za ku kwance na'ura, sai ku cire hula ku zuba notina a ciki, kada ɗaya ya ɓata. Na ga ranar da kuka sake hawa tsani kuka karkatar da wata kyamara, don kun lura tana hango inda mata ma'aikata suke alwala. Ba wanda ya sa ku. Ku ne kuma kuka nuna mini baƙin akwatin nan na ofis da ke naɗe duk abin da kyamarori suka gani. Kuka ce a cikinsa akwai wani ƙarfe mai kamar sabulu, had-dis, amma ku rumbu kuke ce masa. Namu ƙarami ne, mako guda yake riƙewa, in ya cika sai sabon hoto ya taka tsoho. Manaja ya riga ya yarda a sa babba a ƙarshen wata.

Ana cikin haka mahaifina, Baba Lawan, wanda shi ne a kan ƙofa a lokacin, ya rasu. Muka kai shi ƙauyenmu a ƙasar Jahun. Baba mutum ne da ba ya tsayawa a ɗauke shi hoto. Abin da ya bari shi ne ɗan hoton da ke jikin katin aiki, ya haɗe rai kamar an zo karɓar haraji. Sai bayan sadakar uku, ina cikin mota zan dawo Kano, abin ya faɗo mini: Baba yana cikin akwatin nan, yana tafiya, yana buɗe ƙofa, kuma na'urar tana nan tana taka shi.

Nan take na kira ku. Kuna Bompai a kan wani aiki. Ba ku ce in jira ƙarshen wata ba. Kuka ce, "Ya'u, je ka roƙi manaja a kashe ta, ka ce ni na ce. Muddin tana kunne, mahaifinka take ci. Ga ni nan."

Kuka biya kasuwa kuka ɗauko sabon rumbun, kuka ratso cunkoson tireloli a adaidaita sahu, kuka iso rigarku sharkaf da gumi. Na tsaya ina kallo. Kuka zare wuta, kuka buɗe murfi, noti huɗu suka shiga hula. Kuka cire wayoyi biyu, mai faɗi da siririya, kuka ɗago tsohon rumbun da hannu bibbiyu kamar jariri. Sabon ya shiga gurbinsa, kuka yi masa fomat, wato kuka share shi ya shirya karɓar hoto, kyamarori suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Manaja ya ce a goge tsohon a kai reshensu na Chalawa. Kuka ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni shi zuwa gobe. Akwai baƙo a ciki, sai na raka shi gida." Ya ce ku tafi da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar da kuka yi mini a bakin ƙofa: "Innarka ta sani?" Na ce a'a. Kuka ce, "To a tambaye ta. Mijinta ne kafin ya zama babanka. Wani ganin mamaci yana sanyaya masa zuciya, wani yana fama masa ciwo." Na kira Inna Ladi. Ta ce a kawo.

Safiya biyu kacal suka rage daga kwanakin Baba, sauran na'ura ta cinye. Kuka yanko kyamarar ƙofa kaɗai, kuka cire inda fuskokin wasu suka fito sosai, kuka ce su ba su ba mu izini ba. Kuka zuba mini a waya.

A tsakar gidanmu aka kalla. Ga Baba yana yayyafa ruwa a bakin ƙofa da buta, yana ɗingisa ƙafar nan tasa ta hagu. Ga shi ya tare wani direba yana nuna shi da yatsa. Kyamara ba ta ɗaukar murya, amma Inna ba ta bukata. Ta ce, "Nan faɗa yake yi. Ku dubi wuyan, cewa yake ba a shiga sai an yi sallama." Aka yi dariya, aka yi kuka, ita kuwa ta ce a mayar baya. Har yau duk wanda ya je gaishe ta sai ya ga Baba yana yayyafa ruwa.

Da aka ba ni ƙofar Baba, kuka zaunar da ni kuka koya mini yadda ake neman rana a cikin akwatin da yadda ake kwashewa a filashi. Na yi ta kuskure, kuna cewa, "A hankali, Sarkin Ƙofa, linzamin kwamfuta ne, ba sakata ba."

Bayan mun kai ku mun dawo daga maƙabarta, na nemi izinin manaja na zauna gaban akwatin. Zuwanku na ƙarshe tun farkon Janairu ne. Da tsohon rumbu ne, da tuni an taka ku. Amma babban da kuka sa da hannunku ya riƙe. Ga ku kun jingina tsani, kun hau, kuna goge gilashin kyamarar ƙofa da bakin rigarku, har fuskarku ta cika allon gaba ɗaya. Kuka duba, kuka gamsu, kuka yi murmushi, kuka sauka.

Na kwashe. Amma ban kai ba, sai na aika a tambayi maiɗakinku, Malama Aina'u, kamar yadda kuka koya mini. Ta ce, "A gaya wa Ya'u ya ajiye mini, sai na fita takaba." Yana nan a naɗe, ba wanda zai gani kafin ita.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ta, da 'ya'yanku Sagir da Badi'a, da 'yan uwa, da duk masu gadin da kuka ɗauka mutane. Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Allah Ya jiƙanku, Malam Uwaisu, Ya haskaka makwancinku, Ya haɗa ku da Baba Lawan a Aljanna Firdausi. Allah Ya shafe kurakuranku, Ya adana alherinku a rumbun da ba ya cika. Amin.